Lasisi Kafinta da Gidan da Ke Kallon Kudu

Bana shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar Lasisi kafinta. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba, kuma ba laifinsu ba ne. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiya, ko lungu ba a sa wa sunansa ba. Bayarabe ne, Musulmi, gajere mai faɗin kafaɗa, kullum da fensir maƙale a bayan kunne. Ya zo Jos neman abinci zamanin da kuza ke tashe, ya rasu a wani ɗakin haya a Bukuru saura kaɗan Turawa su ba mu mulkin kai. Abokina ne. Shi ya haɗa mini gidana na farko, ni kuma na ɓata masa suna, na bar shi ya shiga kabari ɗauke da laifin da ba nasa ba. Abin da na zo faɗi ke nan, kuma na faɗe shi tun da fari don kada in yi ta kewaye-kewaye irin namu na tsofaffi har shafin ya ƙare ban kai gare shi ba.

Yaran yanzu ba su san gidan akwati ba. A shekarun 1950 kamfanonin kuza kan sa a kawo musu ƙananan gidaje daga ƙasar Turawa, su iso ta jirgin ƙasa cikin manyan akwatuna. Bango daban, ƙofa daban, tagogi da gilashinsu, kwanon rufi a ɗaure, noti da ƙusa a cikin jaka. Cikin kwana uku a haɗa shi kusa da ramin kuza, akawu ko hedimani, wato shugaban lebura, ya tare da iyalinsa. In kuzar wurin ta ƙare a kwance shi, a loda a mota, a yi gaba. Ciki ne da falo, bangon falanki biyu ne da sarari a tsakani. Lasisi na cikin masu haɗa su, ya yi shekaru yana wannan aiki, kuma ya tsani yadda ake kafa su. Da bazara tanda ne, da sanyi kuwa randa. Yakan ce laifin ba na katakon ba ne, na mai kafawa ne, don kamfani jera su yake yi suna kallon hanya, ko ina hanyar ta nufa. Ya taɓa yi wa Baturen da ke kansu magana, aka ce masa ya bi abin da ke takarda.

Mun saba ne a makarantar elementaren da nake koyarwa, inda yakan zo gyaran kujeru da ƙofofi. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, amma Oga Malam yake ce mini, rabi girmamawa rabi tsiya. Ni kuwa in ina son abu a wurinsa Baba Lasisi ne, in ba na so sai in ce kai Bayarabe. Hausarsa ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Na yi shekara biyu ina gyara masa, na gaji na ƙyale shi. Rumfarsa tana wajen da yanzu ake kira Kwararafa, can nake yada zango in an tashi makaranta, in zauna kan falanki ina cin gyaɗarsa ina kushe masa aiki.

Da wani kamfani ya tashi sansaninsa a bayan Bukuru ya yi gwanjon gidajen, Allah ya sa na samu ɗaya. Filina yana gefen gari, can inda yanzu unguwar Ali Kazaure ta cika ta batse. A lokacin duwatsu ne da ciyawa da 'yan gidaje jefi-jefi. Farkon sanyi ne, ni da matata Asabe muna raɓe a gidan wani, na ɗauka kwana uku zan tare. Ina! Mutumin nan sai ya kafa sanda a tsakiyar filin, ya yi mako guda cur yana zuwa da hantsi, da azahar, da la'asar, yana aza tsakuwa a inda inuwar sandar ta tsaya. Akwatunan suna jibge ko buɗe su bai yi ba. Raina ya ɓaci, na je na same shi a tsugune yana kallon ƙasa.

Na ce, "Baba Lasisi, gida na ce ka haɗa mini ko duba?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Oga Malam, rana ba ya bin hanya ɗaya. Lokacin sanyi ya kwanta kudu, lokacin zafi ya hau tsakiyar kai. Bature bai duba sama ba, takarda kawai ya duba. Ka ba ni kwana kaɗan, zan yi maka gida wanda rana zai dafa maka shi kyauta."

Abin da ya yi, da bakinsa ya yi mini bayaninsa ɗaya bayan ɗaya, ni da nake malami na koma ɗan aji. Ya juya gidan, doguwar fuskarsa ta kalli kudu, ya ba hanya baya. Ya ciro tagar da takarda ta ce a sa a arewa, ya haɗa ta da 'yan uwanta a kudu, suka zama uku a jere. Ya ƙara wa rufin tsawo a wannan gefen kamu biyu, don in bazara ta zo rana ta miƙe tsaye, inuwar rufin ta kare tagogin, in kuwa sanyi ya zo ta karkata, ta shigo ta ƙarƙashi har tsakar ɗaki. Sararin da ke tsakanin falankin bango ya cusa masa karan acca ya danne. Sannan ya sa aka yi ta ɗauko baƙaƙen duwatsu daga kan tsaunin da ke bayanmu, ya shimfiɗa su a daɓe, ya kuma gina ɗan bango da su iya ƙugu a cikin ɗakin, daidai inda hasken zai sauka, aka shafe da makuba. Wannan dabara ya ce a wurin Fulani ya gano ta. Shekararsa ta farko a Jos sanyi ya kusa kai shi lahira, ran nan bayan faɗuwar rana ya ga makiyaya sun jingina da wani falalen dutse suna hira hankali kwance. Ya je ya ɗora hannu, ya ji ɗumi kamar bayan saniya.

Ƙarshen aikinsa shi ne wasu kafofi biyu da ya huda can sama ƙarƙashin rufi, ɗaya gabas ɗaya yamma, kowace faɗin tafin hannu biyu, ya sa musu ragar waya. Su ya kira hancin gida. Ya ce ɗakin ciyawa ta ko'ina yake shan iska, wannan kuwa Turawa sun yi shi ya haɗu tsam, in ka rufe ƙofa da taga ko sauro ba ya samun hanya. Ya kama hannuna ya nuna mini su, ya ce, "Ko sanyi ya kai yaya, wannan kada ka taɓa shi." Na ce na ji. Wallahi na ce na ji.

Sanyin shekarar nan ban san da shi ba sai in na fita waje. Wanda ya zauna Jos a wancan zamani ya san abin da nake nufi da sanyi, ruwan buta ka taɓa da asuba ka ji kamar an sare ka, yara su zo makaranta yatsunsu ba sa iya riƙe alli. Mu kuwa rana ta wuni tana dukan duwatsun nan, magariba na yi Asabe ta ja murafen katakon da ya yi wa tagogin, ɗumin ya yi ta fitowa a hankali har gari ya waye. Ko tsinken itace ba mu ƙona don jin ɗumi ba. Maƙwabta suka riƙa zuwa bayan magariba, a yi sallama a ce an zo taɓa dutsen Malam. Mutum uku daga cikin waɗanda suka sayi irin gidan suka je suka yi magana da Lasisi ya kwance nasu ya sake kafawa. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba. Har sabuwar hula ya saya, ya ce zai bar aikin kamfani, ya ɗauki masu koyo, ya cika Jos da gidaje masu kallon kudu.

Yanzu in na bi ta unguwar nan da sandata ina kallon abin da ake ginawa, nakan tambayi kaina me zai ce. Bulo da kwano, taga a duk inda mai gida ya ga dama ko inda birkila ya ga sauƙi, katanga ta fi rufin tsawo an jera mata fasassun kwalabe. Ɗaki tsakar rana sai an kunna fitila. Sanyi ya zo a sayi abin ɗumama ɗaki mai aiki da lantarki, lantarkin kuwa sai ka ga watan azumi ba ka gan shi ba, a koma kan gawayi. Kwanan baya na ji wani injiniya a rediyo yana bayani da manyan kalmomi, wai ƙasashen da suka ci gaba sun gano yadda za a fuskantar da gida ga rana a rage ƙona makamashi. Sun gano! Na kashe rediyon don haushi. Na san da Lasisi yana nan ba haushi zai ji ba, dariya zai yi har fensirin ya faɗo, ya ce a gaishe da Bature, ya duba sama daga ƙarshe. Ni ne mai haushin, don na san dalilin da ya sa aikin bai ci gaba ba a garin nan.

Akwai wata 'yar hanya da ta bi ta kudancin filina, tana hawa kan dutse zuwa rafi. Dangar da Lasisi ya yi mini iya kafaɗa ce, da gangan, don kada ta tare rana. Amma wanda ya hau kan dutsen nan, in ya waiwayo, yana hango cikin falona ta tagogin uku. Shekara ta kewayo, Asabe na da tsohon ciki, ran nan muna majalisa bayan la'asar sai wani dattijo da ake kira Malam Tanko, mahauci ne mai baki kamar reza, ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Malam, a gaishe da mai ɗakinka, na ga tana tankaɗe da safe, zanen nan mai ruwan ganye ya karɓe ta." Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ai gidan Malam kanti ne, kaya a gilashi, kallo kyauta. Na yi dariyar yaƙe. Ni da ake ce wa Malam, a ce matata ce abin hira a bakin mahauta?

Washegari na sayo zana, na ɗaure biyu-biyu, ɗaya kan ɗaya, na kafa su taku ɗaya daga tagogin. Suka fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Hankalina ya kwanta, ɗakin ya yi duhu.

Lasisi ya zo ya tsaya ya dubi zanan. Sannan ya ce, "Oga Malam, ka kashe gidan. Ka cire wannan, ka sa farin akoko a taga. Rana zai shiga, ido ba zai shiga ba." Shawara ce mai kyau, ko yaro ya san mai kyau ce. Amma dariyar majalisa ba ta bar kunnena ba, kuma maƙwabta biyu suna tsaye suna jinmu. Na ce masa, "Kai Bayarabe, matanku a kasuwa suke wuni, me ka sani game da kunya?" Haka na ce wa mutumin da muke sahu ɗaya da shi a masallaci, wanda ya yi mini aikin wata guda yana ƙin karɓar ko ruwan sha sai na matsa. Ya gyara hularsa, ya ce, "To, Allah ya ba mu alheri." Ya tafi. Bai sake takowa gidan ba sai da ta'aziyya ta kawo shi.

Sanyi ya shigo, duwatsun da ba su ga rana ba suka koma ƙanƙara. Gidan ya fi na kowa sanyi, don dutse yadda yake riƙe zafi haka yake riƙe sanyi. Girman kai ya hana ni cire zanan, ya hana ni zuwa rumfar Lasisi. Ina kwance ina jin iska na shigowa ta kafofin nan na sama, sai na ga ai su ne matsalar. Wata ranar Lahadi da hantsi na jawo turmi na kifa, na hau. Asabe ta yayyanka mini tsohon buhu tana miƙo mini, ni kuma ina cusawa da tsinken itace har sai da na tabbatar ko numfashi ba ya wucewa. Na sauko ina jin na yi dabara.

Ba a yi sati biyu ba ta haihu, mace. Ɗanmu na fari yana Zariya wurin kakarsa, an kai shi yaye, don haka gwaggon Asabe ce ta zo daga can ta zauna mata jego. Tsohuwa ce mai kirki wadda ta yi wa mata da yawa wanka, ba a taɓa jin wani abu ya samu ko ɗaya ba. Ta duba ɗakin ta ce ina gadon ƙasa da za a hura wa mai jego wuta a ƙarƙashi? Na ce babu, gadon ƙarfe ne. Ta ce wannan wane irin gida ne, sai ka ce rijiya, ai sanyi zai shige ta ya lalata ta. Sai ta yi abin da ta saba yi a ɗakunan ciyawa na garinsu: ta cika kasko da garwashi ta tura ƙarƙashin gadon, ta rufe ƙofa da tagogi ruf. Ni na koma kwana a 'yar rumfar zana da ke ƙofar gida, kamar yadda aka saba. Kwana uku suna kukan ciwon kai da safe, muka ce gajiyar haihuwa ce da ta hidima. Rana ta huɗu sanyi ya tsananta, Gwaggo ta ƙara kasko na biyu.

Na dawo daga masallaci gari ya fara haske, na ga tukunyar wanka ba a hura mata wuta ba. Gwaggo ba ta taɓa makara ba. Na yi sallama shiru, na buga shiru, na sa kafaɗa na ɓalle ƙofar. Wani nauyi ya bugi kaina tun daga bakin ƙofa. Asabe na kwance ta yi amai, idonta a buɗe amma ba ta iya ɗaga kai, Gwaggo na ƙasa tana nishi. Na jawo su waje ɗaya bayan ɗaya ina ihu. Na koma na ɗauko jaririyar. Fuskarta jawur, kyakkyawa, kamar mai barci. Da ma na riga na yi mata huɗuba da sunan mahaifiyata, saura kwana uku a raɗa shi a gaban jama'a. Ba a raɗa ba.

To, jama'a, ga inda na zama abin da na zama. Ni malami ne, ina koya wa yara darasin kiwon lafiya, da bakina nake ce musu kada a kwana da wuta a rufaffen ɗaki. Ina ɗaga kai na ga tsummokaran buhun nan na san abin da ya faru, ban buƙaci likita ba. Mata sun cika tsakar gida suna salati, suna yi wa su Asabe fifita, ba mai kallona. Na shiga na jawo turmin nan, na hau, na zare tsummokaran duka, na dunƙule su cikin riga. Da aka hura wuta don ruwan wankan gawa, na tura su ƙarƙashin tukunyar. 'Yata ba a ko sa ta a likkafani ba, ni ina ɓoye sawuna.

A zaman makoki Malam Tanko ne ya fara. Ya ce shi da ma bai yarda da gidan nan ba, gidan da ya ba hanya baya ya saɓa wa na kowa. Wani ya ce duwatsun kan tsauni ai da masu su, ba a kwaso su a kai ɗakin kwana a zauna lafiya. Wani ya ce shekara nawa ana sa wa mai jego wuta, me ya sa sai a gidan da Bayarabe ya yi wa surkulle da sanda da tsakuwa? Kowa ya kawo tasa. Ina zaune ina jan carbi, na sunkuyar da kai, suka ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni magana.

Da la'asar Lasisi ya zo. Ya tsuguna a bakin tabarma ya yi mini gaisuwa, idonsa ya yi ja. Mutane suka kau da kai. Na ga ya ɗaga kai yana duban ƙarƙashin rufi, gabas, sannan ya leƙa yamma. Ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya don kada kowa ya ji, ya ce, "Oga Malam, hanci a buɗe yake ranar?"

Ya ba ni hanya, ku lura. A hankali ya tambaya, tsakanina da shi. Da na ce a'a, na san Lasisi, da ya rufa mini asiri har abada, ya dai san aikinsa ba shi da aibu. Na ce, "Ga shi kana gani."

Ya sake duban kafofin ya daɗe. Na ga leɓensa na motsi, yana auna faɗinsu a ransa. Ya ce, "To ya yi ƙanƙanta ke nan. Ni ne ban buɗe shi da yawa ba." Ya tashi ya tafi, ya manta takalminsa ɗaya sai da aka bi shi da shi.

Zancen iskoki bai dame shi ba, bai taɓa yarda da shi ba. Maganata ce ya yarda da ita, don a ganinsa malami ba ya ƙarya a kan gawar 'yarsa. Mutum biyu cikin ukun nan da suka nemi ya sake kafa musu gida suka janye da kansu. Na ukun, wanda aka riga aka fara nasa, Lasisi ne ya je da kansa ya kwashe duwatsun, ya mai da gidan yadda takarda ta ce, yana kallon hanya. Daga nan bai sake ɗora wa kowa rufi ba. Ya bar kamfani, ya koma yin kujeru da akwatunan amare, su ma mutanen unguwarmu suka daina kai masa, mata na cewa hannunsa ba shi da kyau. Ya tashi daga Kwararafa ya koma Bukuru. Ni kuwa na sayar da gidan aka kwance shi, na kama haya cikin gari, aka yi ta tausaya mini. Har ƙarin girma na samu a makaranta shekarar.

Asabe ta warke, Gwaggo ma ta warke ta koma Zariya tana gaya wa kowa sharrin gidan Turawa. Mun yi shekara arba'in da wani abu da Asabe, mun haifi shida bayan wannan, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Bara waccan, cikin ciwon da ta rasu, ina zaune a gefenta da rana tsaka sai ta ce, "Malam, buhun nan ni na yanka maka shi. Ni ban iya rubutu ba. Kai ka iya." Iyakar abin da ta ce ke nan. Na yi shekara biyu ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Me ya rage na Lasisi? Na zauna na lissafa, bai taka kara ya karya ba. Inda gidan yake yanzu bene ne mai hawa biyu, tagoginsa na kallon yamma, masu shi na kuka da zafi. Akwai wani ƙaramin masallaci a Kwararafa da ƙofarsa aikinsa ce, har gobe tana rufuwa ba ƙara, masu salla a ciki ba su san wa ya yi ta ba. Masu koyon da ya ce zai ɗauka bai ɗauka ba, don haka abin da ke kansa ya tafi da shi. Duk shekara in sanyi ya yi ba a rasa jin an buɗe wani ɗaki an tarar da mutane da kaskon gawayi ko janareta, a yi salati a ce kwana ya ƙare. Ba na cewa da shi kaɗai zai hana wannan. Amma mutum ɗaya na sani a garin nan da ya zauna ya yi tunanin yadda talaka zai ji ɗumi ba tare da wuta a ɗaki ba, ya kuma gwada ya yi daidai, ni na tsayar da shi don kada mahauci ya sake yi mini dariya. Tir da ni.

Iyalinsa sun koma ƙasarsu bayan rasuwarsa, ban san garin ba, ban ma tambaya ba a lokacin. Yana da 'ya'ya huɗu, yanzu su ma sun manyanta in suna raye. Duk wanda wannan jarida ta faɗa hannunsa ya kuma san zuriyar wani Lasisi kafinta da ya zauna Jos da Bukuru zamanin kuza, don Allah ya karanta musu. Ubanku bai kashe kowa ba. Kafofin ba su yi ƙanƙanta ba, awonsa daidai ne. Ni na tare rana, ni na toshe su, ni na zare, ni na yi masa ƙarya.

Saura abu ɗaya, wanda ko Asabe ban gaya wa ba. Da na ji ciwo ya kwantar da shi, shekara uku bayan rasuwar yarinyar, na hau mota na tafi Bukuru da niyyar in faɗa masa gaskiya. Duk hanya ina shirya kalmomin. Na same shi da azahar a wani ɗakin kwano da rana ba ta shiga, ya lulluɓa da bargo biyu, tari ya cinye shi, kafaɗun nan duk sun zube. Matarsa ta ce ya hana a shigo masa da ko garwashi ɗaya. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa. Na zauna, na buɗe baki zan fara, sai ya riga ni. Ya kama hannuna da nasa biyu, ya ce, "Oga Malam, na gode da ka zo. Kullum ina so in zo, kunya ya hana ni. Yarinyarka. Ka yafe mini, kada in je gaban Allah da shi."

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, 'ya'yansa na leƙe ta bayanta. Na dube su, na dube shi. Na ce, "Na yafe, Baba Lasisi."

Ya saki hannuna, ya ce alhamdu lillahi, ya sa mini albarka, ya ce wa matarsa ta kawo wa Malam ruwa. Na sha. Bayan kwana shida aka aiko mini ya rasu.